Ina Ƙwari da Gizo-gizo Ke Zuwa Idan Wuta Ta Ci Daji?

Da zarar an gama girbi, iskar hunturu ta kaɗo, sai hayaƙi ya fara tashi a dazuzzukanmu. Mafarauta na cinna wuta don koro gafiya da zomo, makiyaya kuma don sabuwar ciyawa ta tsiro. Dabba mai gudu ta gudu, tsuntsu ya tashi. To ƙananan halittun da gidansu ke jikin bishiya fa?

Ku je gindin tsohuwar kaɗanya ko ɗorawa, ku dubi ɓawonta da kyau. Kowace tsaga ɗaki ce. A ciki gizo-gizo ke ɓuya da rana, a nan macensa ke liƙe jakar ƙwanta. Akwai tururuwa da tsutsotsi masu cin itace, a kogo kuma ƙudan zuma. (Idan malamin bayoloji ya tambaya, gizo-gizo ba ƙwaro ba ne a ƙa'idar kimiyya: ƙafafunsa takwas, na ƙwaro shida.)

Ba kowace wuta ce iri ɗaya ba. Wadda aka sa a farkon rani, wajen watan Nuwamba, ciyawa na da sauran danshi, tana bin ƙasa ne a hankali, ta bar wurare nan da can ba ta taɓa ba. Ɓawo mai kauri yana kare abin da ke cikinsa, na saman rassa kuma sukan tsira. Amma wutar Fabrairu ko Maris, lokacin da komai ya bushe ƙayau, harshenta na kaiwa rassa. Ƙwai da tsutsa ba su da fiffike, nan suke ƙonewa. Kuma a rani ne kaɗanya ke fure, ƙudan zuma na ɗaukar mata garin fure daga wannan zuwa wancan. Idan fure ya babbake, zuma ta rasa abinci, matan da ke tsintar kaɗe da damina su ga ragi.

An gwada wannan bambanci tun 1936 a Kokondekro, kusa da Bouaké a ƙasar Kwaddibuwa. Wani masanin daji Bafaranshe, André Aubréville, ya ware filaye uku: ɗaya ana ƙona shi da wuri kowace shekara, ɗaya a makare, na ukun ba a sa masa wuta. Bayan shekaru da dama, wanda aka kare ya zama kurmi, na wutar makara kuwa bishiyoyinsa suka yi ta raguwa, ciyawa ta mamaye. Inda bishiya ta tafi, mazauna jikinta sun tafi.

Batun sara ma haka yake. Rage ƙananan itatuwa da suka cushe yakan bar rana ta shigo, furanni su fito a ƙasa, wasu ƙwarin ma su ƙaru. Sai dai mai gawayi ba ƙanana yake nema ba. Ƙirya babba yake so, mai nauyi, wadda ta yi shekaru tana tara tsaga da kogo. A ganina nan ne asarar ta fi muni, domin dashe ɗari na bana ba su da kogo ko ɗaya.

Gizo-gizo dai yana da dabarar dawowa. Ƙananansa kan hau tsinin ganye, su saki siririn zare, iska ta ɗauke su zuwa wani wuri, shi ya sa suke cikin halittun farko da ake gani a filin da ya ƙone. Tururuwan nan jajaye masu ɗinke ganyen mangwaro su yi gida ba su da wannan gatan. Idan reshen ya ƙone, gidan da 'ya'yan sun ƙone. Su ne kuwa bincike a Jamhuriyar Benin ya nuna suna rage ɓarnar ƙudan da ke sa wa mangwaro tsutsa.