Tsohuwa Ko Sabuwa? Yadda Ƙarfen Bindiga Yake Tsufa

A ƙasar Amurka, inda doka ta yarje wa farar hula su mallaki ƙananan bindigogi, akwai kantuna masu sayar da waɗanda aka riga aka yi amfani da su. Mai saye yakan tarar da fistol biyu a cikin gilashi, kuɗinsu kusan ɗaya: guda an ƙera ta shekara arba'in da suka wuce, guda kuwa ba ta fi shekara biyar ba. Wacce zai ɗauka? A Nijeriya wannan ciniki bai taso ba, domin Dokar Makamai ta 1959 ta sanya fistol cikin makaman da aka haramta riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa. Amma tambayar ta kimiyya ce, kuma ita ce dai take gaban mai sayen tsohon babur ko injin niƙa: mene ne yake tsufar da na'ura, shekaru ne ko aiki?

Bari mu fara da abin da ke faruwa idan aka harba irin wannan bindiga, wato mai ɗura wa kanta harsashi. Da an ja kunama, wata allura takan doki gindin kwanson harsashi, albarushi ya kama wuta, iskar da ta fito ta tura harsashin waje. A harsashi mai faɗin milimita 9, matsin wannan iska yakan kai fiye da ninki 2,000 na matsin iskar da muke shaƙa. Ɗaliban fiziks sun san dokar Newton ta uku, cewa duk turi yana da martani daidai da shi. Harsashi mai nauyin giram 8 da ya fita da gudun mita 360 a daƙiƙa, sai ya bar martani a baya. Wannan martani ne yake tura murfin sama na bindigar, wanda yake zamewa baya da gudun 'yan mitoci a daƙiƙa, ya tsame kwanson da ya ƙone, ya matse wani sifirin. Sifirin ɗin ya maido da murfin gaba, ya kwaso sabon harsashi. Ke nan duk harbi ɗaya duka ne ƙarfe yake sha, daga gaba da baya.

Ƙarfen da ake lanƙwasawa ana saki yana gajiya. Kowa ya taɓa karya waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya: lanƙwasa ɗaya ba ta yi mata kome, amma ta ashirin sai ta tsinke. Wani injiniyan jirgin ƙasa Bajamushe, August Wöhler, shi ne ya yi nazarin wannan al'amari a shekarun 1850 da 1860, saboda sandunan ƙafafun jiragen ƙasa suna karyewa alhali ba a ɗora musu nauyin da ya fi ƙarfinsu ba. Ya gano cewa ƙaramin nauyi da ake maimaitawa sau dubbai yakan buɗe 'yar tsaga wadda ido ba ya gani, galibi a kusurwa mai kaifi ko gefen rami. Tsagar tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan har ranar da sauran ƙarfen ya kasa. Irin wannan gajiya ce ta tarwatsa jiragen sama biyu samfurin Comet na Ingila a sararin sama a 1954.

Ni malamin ilimin halittu ne, saboda haka ba zan wuce nan ban ambaci ƙashi ba. Ƙashin ɗan Adam ma yana yin irin wannan tsaga. Tun 1855 wani likitan soja a Jamus mai suna Breithaupt ya bayyana kumburin ƙafa da ke kama sojoji bayan doguwar tafiya, wanda daga baya aka gane cewa tsagewar ƙananan ƙasusuwan tafin ƙafa ce. Bambancin shi ne ƙashi rayayye ne. Akwai ƙwayoyin halitta masu cinye ɓangaren da ya lalace, akwai masu gina sabo a gurbinsa, har an kiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙashin baligi yana sabuntuwa kowace shekara. Idan soja ya huta, ƙafarsa ta warke. Ƙarfe kuwa ba ya warkewa. Ko an ajiye bindiga shekara talatin a akwati, tsagar da take ciki tana nan tana jiran harbi na gaba. Haka kuma, wadda ba a harba ba, zama bai ƙara mata gajiya ko ɗaya ba.

To, ka ga ke nan shekarar ƙira ba ta gaya wa mai saye abin da ya fi bukata. Fistol ta shekara arba'in da ta kwana a aljihun tebur, aka harba harsashi ɗari biyu da ita, ta fi ƙuruciya a kan ta shekara biyar da aka yi ta haya da ita a filin koyon harbi. Sifirin ma haka yake: yawan matsewa da saki ne yake kashe shi, shi ya sa ake sake shi bayan 'yan dubban harsasai. Idan aka bar shi ya yi laushi, murfin yakan riƙa dukan gangar jikin bindigar da ƙarfi fiye da kima, gajiya ta zo da wuri.

Irin ƙarfen ma yana da magana. Baƙin ƙarfe da aka tace yana da wata iyaka wadda in nauyi bai kai ta ba, to zai jure maimaici kusan ba adadi. Alminiyom ba shi da wannan iyaka. Kowane duka yana rage masa kwana, komai ƙanƙantarsa. Tsohuwar M1911, wadda John Browning ya zana kuma sojan Amurka suka karɓa a 1911, jikinta duk baƙin ƙarfe ne, nauyinta ya haura kilo ɗaya. Beretta M9 da ta gaje ta a 1985 gangar jikinta alminiyom ce. Glock 17, wadda sojan Ostiriya suka zaɓa a farkon shekarun 1980, gangar jikinta roba ce mai tauri, ko da yake murfi da bututu ƙarfe ne. Roba ba ta tsatsa, kuma tana ɗan lanƙwasawa ta shanye duka.

Akwai dai abubuwan da kalanda take ci. Na farko tsatsa, wadda ta dogara ga inda aka ajiye makamin. Harsasan soja na dā, har zuwa farkon shekarun 1950 a Amurka, maganin da ke kunna su yana barin wani gishiri a cikin bututu. Gishirin yana jawo laima daga iska, sai cikin bututun ya yi ramuka idan ba a wanke ba. Na biyu ya fi ban sha'awa. Wasu bindigogin suna da ɗigo masu haske a kan saiti domin dare, waɗanda ake cikawa da iskar tiritiyom. Wannan iska tana ruɓewa da kanta, rabinta yakan ƙare a cikin shekara 12 da 'yan watanni. Ko an harba, ko ba a harba ba, bayan shekara 25 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne zai saura.

Inda sabuwa takan yi wa tsohuwa fintinkau shi ne tsarin kariya. A tsofaffin M1911 babu abin da ke riƙe allura sai ɗan sifirin, saboda haka idan bindigar ta faɗi ta baki a kan daɓe mai tauri, allurar tana iya zabura da nauyin kanta ta tayar da harsashi. A 1983 kamfanin Colt ya ƙara wani ɗan makulli da ke tare allurar har sai an ja kunama. Ita ma M9, a ƙarshen shekarun 1980 murfin wasu ya karye yana cikin aiki, ɓallen ya koma baya ya ji wa masu harbi rauni a fuska. Soja sun ɗora laifin a kan ƙarfen, kamfanin ya ɗora a kan harsasai masu matsi fiye da kima, amma gyaran da aka yi shi ne samfurin 92FS, mai wani ƙarfe da ke tare murfin ko da ya karye. Wanda ya sayi samfurin da ya gabaci gyaran, ya sayi tsohon aibin tare da shi.

Sai dai kada a ɗauka sabo ba ya da aibi. A 2017, shekarar da sojan Amurka suka zaɓi SIG Sauer P320, aka nuna cewa tana iya tashi idan ta faɗi ta wata kusurwa, har kamfanin ya buɗe shirin gyara wa masu ita kyauta. A ganina, samfurin da ya shekara ashirin a hannun jama'a yana da wata fa'ida: an riga an san inda yake karyewa, kuma an san lambobin da aka yi wa gyara.

Saboda haka gwanin bindiga ba ya tsayawa kan shekarar da aka buga a jiki. Yakan kwance ta, ya haska cikin bututu, ya duba kusurwoyin murfi da ramukan ƙusoshi, ya binciki lambarta ko tana cikin waɗanda kamfani ya nemi a mayar domin gyara, ya kuma tambaya ko har yanzu ana samun kayan gyaranta. Tsagar da ido ba ya gani kuwa, akwai dabarar fito da ita. Akan shafa wani jan ruwa mai tsinkewa a kan ƙarfen, a bar shi 'yan mintoci, a goge, sa'an nan a fesa farar hoda. Ruwan da ya shige cikin tsagar sai ya tsotso ya fito, ya zana jan layi a kan farin. Ƙarfin da ke jan ruwan cikin wannan siririyar kafa shi ne wanda ɗalibai suke gani a ɗakin gwaji idan suka tsoma siririn bututun gilashi a ruwa, ruwan ya hau da kansa. Da wannan dabara ce ake duba ƙafafun jiragen sama da bututun mai.