Wasserkuppe: Tsaunin Da Jamus Ta Horar Da Matuƙa Jirage Marasa Inji

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta haramta wa Jamus mallakar rundunar sojan sama. Sai dai haramcin bai shafi jiragen sama marasa inji ba, waɗanda iska kaɗai ke ɗauke da su. Ta wannan kafa Jamusawa suka ci gaba da koyon tuƙin jirgi.

A 1920 aka fara gasar irin waɗannan jirage a kan tsaunin Wasserkuppe mai tsayin mita 950, a jihar Hesse, sannan aka buɗe makarantar tuƙi a wurin a 1924. Da Hitler ya hau mulki a 1933, gwamnatinsa ta mayar da ita cibiyar horar da matasa, kuma da yawansu sun shiga rundunar Luftwaffe.

Har yau gine-ginen makarantar suna nan, tare da mutum-mutumin gaggafa da aka kafa a 1923 domin tunawa da matuƙan da suka mutu a yaƙi. Akwai kuma gidan tarihi na waɗannan jirage, kuma fararen hula na ci gaba da koyon tuƙi a tsaunin.