Kalmar "kanumfari" da sunan furen œillet a Hausa

Masu shirya littattafan yaƙi da jahilci sukan ci karo da furen da Faransawa ke kira œillet, su rasa sunansa da Hausa. Wasu sukan rubuta "furen kanumfari". Wannan suna yana bukatar gyara.

Sunan furen a kimiyya Dianthus caryophyllus, kamar yadda Linné ya raɗa masa a 1753. Asalinsa ƙasashen bakin Bahar Rum ne. Tsawonsa yakan kai santimita 80. Karansa yana da gaɓoɓi, kowace gaɓa da siraran ganye biyu masu fuskantar juna. Na daji ganyen furensa biyar ne, masu baki kamar haƙoran zarto. Na lambu sun ninka haka. Masu noma shi sun kasa shi uku: mai babban fure ɗaya a kan kara, mai ƙananan furanni da yawa, da gajere na tukunya. Akwai ja, da fari, da rawaya. Sanyi yake so, zafin bazarar Birnin Ƙonni kuwa yakan wuce digiri 40, shi ya sa manoman Malbaza da Illela ba su saba da shi ba.

Kanumfarin da ake sayarwa a kasuwar Ƙonni daban ne. Furen wani itace ne, Syzygium aromaticum, ɗan asalin tsibiran Maluku na Indunusiya, wanda ake tsinkewa tun bai buɗe ba, a shanya. Shi ake sa wa a yaji da fura.

Ƙamshi ne ya gama su, har Larabci ya kira su duka qaranful. Daga nan Hausa ta aro kalmar: q ta zama k, l ta ƙarshe ta zama r, n ta koma m a gaban f, aka ƙara wasali a ƙarshe. Amma kayan yajin kaɗai ta ba sunan, domin shi fatake suka kawo.

Saboda haka, ɗalibin da ya karanta "furen kanumfari" abin da ke cikin yajinsa zai fahimta, tun da shi ma fure ne. Ya fi dacewa a rubuta "fure mai ƙamshin kanumfari". Kuma a kiyaye da œillet d'Inde: wannan Tagetes ne, ɗan asalin Meziko, ba danginsu ɗaya ba.