KUNDIN ILMI NA INTANET: INA IYAKAR AMINCINSA?

A garin Masaka, wanda ke bisa hanyar Abuja zuwa Keffi, kamar sauran garuruwan ƙasar nan, wayar hannu ta zama ruwan dare. Ɗalibin da aka ba aikin gida, da ɗan kasuwa, da ma'aikacin da ke sammako zuwa ofis cikin Abuja, duk wanda wata tambaya ta shige wa duhu sai ya zaro waya ya bincika. Sau da yawa amsar da za ta fara fito masa daga Wikipedia take. Domin haka ya kamata jama'a su san abin da wannan kundi yake, da yadda ake rubuta shi, kafin su dogara da shi.

Asalinsa

Waɗansu mutane biyu 'yan Amurka, Jimmy Wales da Larry Sanger, su suka buɗe Wikipedia ran 15 ga Janairu, 2001. A yau ana rubuta ta cikin harsuna fiye da 300, har da Hausa, da Yarabanci, da Ibo, da Fulatanci. Maƙalolin Ingilishi kaɗai sun kai miliyan 7 a shekarar 2025. Abin da ya bambanta ta da manyan littattafai irin su Encyclopaedia Britannica shi ne, ba a ɗauki masana aka biya su don su rubuta ta ba. 'Yan sa kai ne ke yi, kuma kusan kowane shafi, duk wanda ya ga dama yana iya gyara shi ba tare da an tambaye shi takardar shaidar ilminsa ba.

Jin haka sai mutum ya ce ai kasuwa ce kawai, kowa da abin da ya kawo. Amma akwai doka. Ana bukatar kowace magana ta zo da madogararta, watau littafi, ko jarida, ko rahoton hukuma da aka buga. Kuma duk gyaran da aka yi ana ajiye shi, da ranarsa, a shafin tarihin maƙalar, inda kowa zai iya dubawa. A shekarar 2005 mujallar kimiyya mai suna Nature ta ba masana maƙaloli 42 na kimiyya su gwada. Suka sami kimanin kurakurai huɗu a kowace maƙala ta Wikipedia, uku a ta Britannica. Masu Britannica ba su yarda da yadda aka yi gwajin ba, amma dai tazarar ba ta kai yadda aka zata ba.

Inda gizo ke saƙa

A cikin wannan shekara ta 2005 wani ya rubuta ƙarya game da wani dattijon ɗan jarida na Amurka, John Seigenthaler, wai an taɓa zarginsa da hannu a kisan Shugaba Kennedy. Ƙaryar nan ta yi wata huɗu a shafin ba wanda ya lura. Abin da ya fi wannan dacewa da masu karatun Hausa kuwa shi ne wanda ya bayyana a shekarar 2020, sa'ad da aka gane cewa wani saurayi Ba'amurke ya rubuta maƙaloli fiye da 20,000 cikin harshen Scots na ƙasar Sikotilan, alhali bai iya harshen ba. Ba da mugun nufi ya yi ba. Masu dubawa ne suka yi ƙaranci, shi ya sa ya shekara da shekaru yana yi.

Abin lura a nan shi ne, amincin shafi gwargwadon yawan idon da ke kansa. Maƙalar da ta shafi zazzaɓin cizon sauro cikin Ingilishi, mutane da yawa ke gadinta, ɓarna ba ta daɗewa a can. Maƙalar wani ƙaramin gari, ko ta wani basarake, ko wadda aka fassara zuwa Hausa da na'ura ba a tace ba, tana iya zama da kuskurenta har tsawon shekaru. Har ila yau, tun da kundin ba ya karɓar sai abin da aka buga, tarihin da ke bakin dattawan Gbagyi na ƙasar Karu ba shi da hanyar shiga sai wani ya fara rubuta shi a littafi.

Misali daga Masaka

Mutane da yawa kan ɗauka Masaka cikin Abuja take, saboda kusanci da kuma yawan ma'aikatan gwamnatin tarayya da ke kwana can. Gaskiyar magana kuwa, tana cikin ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, tare da Mararaba da Ado. Kafin ran 1 ga Oktoba, 1996, ƙasar tana ƙarƙashin Jihar Filato, kafin 1976 kuma Jihar Binuwai da Filato. Saboda haka mai rubutu da ya dogara da tsohon littafi, ko da abin da ya saba ji a tashar mota, yana iya kuskure, ga shi kuma da madogara a hannu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai niyyar sayen fili. Bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, takardar mallakar fili a Masaka daga gwamnatin Jihar Nasarawa take fitowa, ba daga ofishin Ministan Birnin Tarayya ba. Haka nan yawan jama'a: ƙidaya ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ita ce ta 2006, don haka duk wani adadi na bayan wannan shekara ƙiyasi ne.

Yadda ya kamata a yi

Mai karatu ya gangara ƙasan shafi ya ga inda aka samo maganar. In ba madogara, ya ɗauke ta tamkar jita-jita. In akwai, ya duba shekarar da aka buga ta. Ɗalibi kuma kada ya kafa hujja da Wikipedia a takardar jarrabawa ko kundin digiri. Ya bi sawun littattafan da ta ambata zuwa ɗakin karatu, ko Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Batun magani da awonsa na likita ne, batun fili kuwa na ofishin filaye.

Malaman makaranta da sauran masu ilmi da suka ga kuskure a shafin garinsu ko na Hausa suna da ikon gyarawa da kansu, ba a biyan ko kwabo. Abin da ake bukata shi ne su ambaci sunan littafin ko jaridar da suka dogara da ita, da shekarar bugu, da lambar shafi.