Abin da ya kamata ka sani game da haɗa koton tarwada a gida

Tarwada ba ta cika neman abinci da ido ba. Idanunta ƙanana ne, tana son ruwa mai laka, kuma ta fi kiwo da dare. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi. Koto shi ne abincin da ake sokawa a ƙugiya, ko a sa cikin tarko, don ya jawo kifi.

Da me take gane abinci?

Dubi bakinta, za ka ga gashin baki guda takwas. Da su take laluben ƙasan ruwa tana ɗanɗana abin da ta taɓa, hancinta kuma yana ɗaukar warin da ruwa ya kwaso daga nesa. Saboda haka kyan koto a ido bai dame ta ba. Abu biyu ake so: ya yi wari, ya kuma zauna a ƙugiya. Wahalar ita ce biyun ba su cika jituwa ba. Koto mai taushi yana sakin wari sosai, amma nan da nan ruwa ke wanke shi. Mai tauri kuwa zai kwana a ƙugiya ba kifin da ya san yana wurin. Gwanintar duka tana tsakanin nan.

Yaya ake haɗa shi?

Ka samu dusar masara ko ta dawa kofi biyu, da garin rogo ko fulawa kofi ɗaya. Dusa ce ke narkewa a hankali tana yaɗa wari, garin kuma shi ne mai danƙon da ke riƙe ta. Tafasa ruwa kaɗan, ka tuƙa su kamar tuwo, amma ya fi tuwon ci tauri. Idan ya huce, sai ka zuba masu wari: dakakkiyar daddawa, ƙuli-ƙuli, da garin busasshen kifi, ko da ɓurɓushin da ke rage wa masu sayarwa a ƙasan kwando ne. Ƙuli-ƙuli na da amfani na musamman, don ɗan man da ya rage a jikinsa yana bin ruwa ya yi nisa. Kada ka dafa waɗannan tare da garin, zafi yana rage musu ƙarfi.

Cuɗa shi da kyau, ka rufe a roba ya kwana ɗaya ko biyu ya yi tsami. A lokacin zafi kwana ɗaya ya isa. Ka ajiye shi nesa da ɗaki, in ba haka ba mutanen gida za su kore ku tare.

Kafin ka tafi bakin ruwa, gwada shi. Ɗebi ɗan curi daidai girman ƙugiyarka, ka lulluɓe ta, ka sa a bokitin ruwa ka riƙa motsawa. In ya watse nan take, ƙara gari. In ya daɗe ruwan bai ko gurɓace ba, ƙara dusa. Idan ruwa mai gudu za ka, cuɗa 'yar auduga a ciki, zarenta zai riƙe curin. Bakin ƙugiya dai kada ya nutse can ciki, don sai ya fito da sauri zai kama.

Dole ne sai an tuƙa?

A'a. Tana, fara, gara, dodon koɗi, hanjin kaza da ƙananan kifaye duk tarwada na ci, kuma a farkon damina, sa'ad da ruwa ya malale fadamu tarwada na hawowa, da wuya wani haɗi ya fi tana. Hanta ma tana ja sosai, sai dai tana saurin zamewa. Barbaɗa mata gishiri ka shanya ta ɗan sha iska, sannan ka ɗaure da zare. Manyan tarwada sun fi zuwa ga yankan kifi.

Masu kafa gura, wato tarkon nan na sanduna da raga da aka fi dangantawa da masuntan Mali, wanda ya yaɗu a Tafkin Kainji da Tafkin Chadi, sukan sa curin dafaffiyar dusa ne a ciki. A nan ba a damu da danƙo sosai ba, tunda ba ƙugiya.

Wataƙila ka ji ana cewa sai an sa jinin mahauta ko ruɓaɓɓen nama. Jini yana ja, gaskiya ne, amma yana ɓata hannu da tufa ga mai son yin salla a bakin ruwa, kuma daddawa da garin kifi suna yin aikin. Ruɓa fiye da kima ma ba ta ƙara komai sai ƙudaje da tsutsa.

Nawa zai ci maka?

Kusan ba komai. Yawancin kayan ragowar gida ne, kuɗinka zai fi tafiya kan ƙugiya da igiya. Haɗa daidai na fita ɗaya ko biyu, don ba ya jure ajiya.

Me ba a sawa?

Maganin ƙwari ko na feshin gona, komai ƙanƙantarsa. Wasu na zuba irin su Gamalin a ruwa don kifi ya taso, abin da ke kashe manya da 'ya'ya, ya kuma cutar da mai ci da dabbobin da ke sha. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta Najeriya ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya. Hatta hannunka, in ka taɓa fetur, kalanzir ko turare, wanke shi kafin ka cuɗa koto. A wurare da yawa kuma ruwa na da mai shi, don haka ka nemi izinin Sarkin Ruwa ko masuntan wurin kafin ka jefa ƙugiya.