Apple Watch Series 3

Apple Watch Series 3 agogon hannu ne na zamani da kamfanin Apple na Amurka ya fitar a watan Satumban 2017. An ci gaba da sayar da shi da rahusa har zuwa Satumban 2022.

Manhajar watchOS 9 da ta fito a watan ba ta hawa kansa, ya tsaya a watchOS 8. Wannan ne babban dalilin sauya shi, domin wasu sababbin manhajoji ba sa shiga. Ba ya gwajin zuciya na ECG, ba ya gane faɗuwar mai shi. Waɗannan sun zo ne da Series 4 a 2018. Amma ga mai ƙirga taku da duba saƙo kaɗai, yana wadatarwa muddin batirinsa na riƙe caji.