Karen Gadi a Fili: Yadda Za Ka Tsare Shi, Ka Tsare Kanka

Yau zancenmu a kan kare ne.

In ka taɓa bi ta Sharaɗa ko Challawa ko Bompai bayan lisha, ka san da ma'aikata sun tashi sai masu gadi su kwance karnuka. A filayen da ke tsakanin masana'antu karen wannan ƙofa yakan gamu da na waccan, ga kuma karnukan da ba su da ubangiji, masu kiwo a juji. Da yawa cikin masu gadin nan mutanenmu ne na ƙauye, daga wajen Panshekara da Kumbotso da Tamburawa. Watakila kai ne, ko ɗan'uwanka. To, saurara.

Babban abin tsoro shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawun karen da ya kamu. Da ya ciji wani, ko ya lashi rauni, ta shiga. Daga nan sai ta bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa. A jikin mutum takan yi wata 2 ko 3 ba ta nuna kanta ba, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Ran da alamun suka fito kuwa, da wuya ƙwarai a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da ita kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, yara kuwa suna da yawa a ciki, gama su ne masu tsokanar kare, su kuma ɓoye cizo don tsoron duka.

Amma akwai riga-kafi. Tun 1885 wani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya yi wa wani yaro allurar wannan ciwo ya tsira. A ƙasarmu ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin allurar karnuka. Idan ɗan kwikwiyo ya kai wata 3, kai shi wurin likitan dabbobi, kamar asibitinsu na Gwale, kowace shekara kuma a sake. Karɓi takardar shaida ka adana. Karen da ba a yi masa allura ba, kada ka sake shi cikin 'yan'uwansa, ko da maigidan masana'anta ya matsa maka. Gaya masa kuɗin allura nasa ne, don dukiyarsa karen yake tsaro.

Sai ruwa. Majemun Sharaɗa da Challawa suna aiki da gishiri da farar ƙasa da wani sinadari, kuromiyom. Ruwan da ya fito daga Sharaɗa yakan bi rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na Bompai kuwa ya bi Getsi zuwa Jakara. Kare mai ƙishirwa ba ya zaɓe. Ba shi ruwa mai kyau ya sha ya ƙoshi kafin ka kwance shi, kada ya tafi lambatu. Haka kuma ka ciyar da shi tukuna, don kada ya ci ƙazantar fata da aka zubar, ko mushen ɓeran da ya ci guba. Da safe duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa, ka cire kaska.

In karnuka suka kaure da faɗa, kada ka sa hannu. Watsa musu ruwa, ko ka raba su da faifan katako. Karen da ka ga ya sake hali, yana dalalar da yawu, yana cizon itace da dutse, ko mai zafin rai ya yi laƙwas, nisance shi, kore yara, a kira likitan dabbobi.

To, in ya ciji mutum fa? Nan da nan a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ana kwarara, har minti 15. Kada a tsaya ƙona gashin karen a shafa, ba ya maganin kome. A zo ɗakin magani ran nan, malamin asibiti ya aika da shi inda ake allura, a kuma cika allurar duka bisa ranakun da aka rubuta. Karen kuwa, in an san shi, a ɗaure shi kwana 10 ana ba shi abinci ana dubawa. In ya mutu ko an kashe shi, kada a fasa kansa, gama ƙwaƙwalwar ce likitoci za su auna.